Dutsen da Ke Cin Haske

To, 'yan "ba mu yarda ba", ku matso kusa. Na ji ku sarai: wai mutum ya cika akwatin gilashi da ruwa, ya zuba gishiri giram 35 a kowace lita, ya jera duwatsu, kuma ya kunna musu shuɗiyar fitila. Kuka ce kuɗi ne suka yi masa yawa.

Sannunku. Abin da kuka kira duwatsu murjani ne, murjani kuwa dabba ce, ba dutse ba. A cikin naman jikinsa akwai ƙananan halittu dangin gansakuka, ido ba ya ganinsu, masu mayar da haske sukari. Mafi yawan abincinsa daga hannunsu yake fitowa. Ka kashe fitila, ka sauke masa tukunya ke nan.

"Amma don me sai shuɗi, ko gayu ne?" A'a, Malam. Ruwan teku kan shanye jan haske tun daga 'yan mitocin sama, shuɗi ne ke kutsawa ƙasa, kuma da shi halittun nan suka saba. Gayun ma akwai, don a ƙarƙashin shuɗin fitilar LED wani murjanin yakan yi ƙyallin kore da ruwan lemo.

Kai mai cewa a bar fitila dare da rana ya ƙoshi, ashe kai ne mai kashe shi. Awa takwas zuwa goma sha biyu sun wadatar. Mai rassa irin Acropora a can sama ake ɗora shi, kusa da fitila. Mai laushi kuwa ƙasa ya fi so. Sabon zuwa, a rage masa haske, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. In aka watsa masa gaba ɗaya, sai ya kori 'yan hayarsa, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi.

Hajiya tana can tana dariya, tana shafa murjanin wuyanta: "Nawa bai taɓa neman fitila ba." Gaskiyarki. Jan murjanin Bahar Rum ne, a kogunan dutse masu duhu yake girma, ba ya ɗauke da waɗannan halittu.

Sai mai tambayar ɗauke wuta. Duhun yini ɗaya ba ya kashe murjani. Famfon da ke juya ruwa ne in ya tsaya, iska ta ƙare, kifaye su fara haki. Batirinka ka ajiye wa famfo, fitila ta jira.