Layi Ɗaya Kawai Na Goge

Babu wanda ya aike ni. Manhajar makarantar tana aiki lafiya lau, ni ne dai idona ya kasa jure kod ɗin da ke ƙera teburan PostgreSQL, kowane tebur da nasa dogon rubutu, abu ɗaya ana ta maimaitawa. Sai na dunƙule su wuri guda, na zauna ina yaba wa kaina.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan tebur yana rataye da wani, ba ka kuma faɗi abin da za a yi ranar gogewa ba, PostgreSQL hana ka yake yi: ba za ka cire zangon karatu ba muddin akwai sakamakon ɗalibai a jikinsa. A tsohon kod ɗin tebur ɗaya tak aka sa wa CASCADE, wato in uwa ta tafi 'ya'ya su bi ta. Cikin duk teburan nan, shi na ɗauka ya zama samfurin sauran.

Ranar nuna aiki, hedimasta ya ga zangon farko ya fito sau biyu, ya ce a cire ɗaya. Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, in da wani abu a jikinsa, kwamfutar ma ba za ta yarda ba." Na danna.

DELETE 1.

Abin da ta rubuta ke nan, don PostgreSQL ba ya lissafa waɗanda suka bi bayan uwarsu. Ɗaya, in ji shi. Hedimasta ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, har da murmushi, kuma murmushin nan ne ke tashina tsakar dare. Ma'aji ya buɗe shafin kuɗin makaranta: fari fat. Sakamakon jarrabawa: fari fat. Rajistar halarta ma ta bi su, kamar an kwance maɗaurin tsintsiya. Na rubuta ROLLBACK da yatsu masu rawa, aka amsa mini cewa babu abin da za a janye, don psql, inda nake rubuta umarnin, ya riga ya tabbatar da aikin tun kafin in rufe baki. Murmushin dai yana nan, ya bushe a fuskata, na rasa yadda zan sauke shi.

Nan Baba masinja ya ajiye farantin shayi ya leƙo. "Ɗana, kada ka sake taɓa ta. Zafi ta ɗauka. A binne ta cikin shinkafa ta kwana."

Na ce, "Baba, ai ba ruwa ta sha ba."

"To gumin nan da ke ɗiga a kanta fa? Kuma 'yar gida za a samo, 'yar waje ba ta da ƙarfin ja. Wayar surukina kwana biyu ta yi a rijiya." Ma'aji ya tambaya ko wayar ta tashi. Baba ya ce a'a, amma ta bushe sarai.

Kwafin ajiyar da pg_dump ya yi mana ya dawo da yawancin bayanan, saura ma'aji yana shigarwa daga rasit, ba ya amsa gaisuwata. Baba kuwa ya riga ya je kasuwa kafin a tsayar da shi, yanzu yana bina kuɗin mudu biyu.