Ranar da Alhaji Ya Hau Allo a Busua

Busua ƙauyen masunta ne a ƙasar Ahanta, yammacin Gana, kimanin kilomita 30 daga Takoradi. Masu koyon hawan igiyar ruwa suna son wurin saboda igiyar a kan yashi take karyewa, in ka faɗi ba dutse ne zai tarbe ka ba. Wannan bayani ne ya ruɗi wani Alhaji, ɗan kasuwa daga Zangon Takoradi, wanda na raka a matsayin mai riƙon takalmi. Hujjarsa guda: wai yana yaro babu mai kama ƙafarsa a iyon kududdufi.

Lokaci kam ya dace. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturun da ke fasa mana leɓe a arewa takan iso nan ta buso daga tudu zuwa teku, ta daidaita fuskar igiyar ta yi sumul. Manyan igiyoyi sai damina.

Yaron da ya ba shi hayar allo ya fara bayani: igiyar roba a ƙafar baya ake ɗaura ta, kuma igiyoyin ruwa jere suke zuwa, sai a bari su wuce. Alhaji ya katse shi: "Yaro, ruwa dai ruwa ne."

Da ya shiga ruwan, igiya ta farko ta cire masa hula. Ta biyu ta raba shi da allon, robar ta dawo masa da shi a ƙeya. Ta uku ban ga abin da ta yi ba, tafin ƙafa biyu kawai na hango suna kallon sama.

Sai ya faɗa hanyar da ruwa ke bi ya koma teku, wani ɗan kwari tsakanin tudun yashi biyu. Wurin yakan yi lumui kamar mutumin kirki, alhali nan ne ja yake. Dabarar ita ce a yi iyo gefe, a bi tsawon gaɓa. Alhaji ya tunkari tudu kai tsaye, yana salati, tsibirin Abokwa da ke can cikin teku yana ƙara matso shi. Har ya ɗaga murya yana faɗa mini sunayen waɗanda yake bi bashi. Na lura bai ambaci masu binsa ba.

Ruwan da kansa ya karkatar da shi gefe. Yaron ya iso a kan allonsa, ya dube shi, ya ce da 'yar Hausarsa ta zango: "Baba, miƙe."

Ya miƙe. Ruwa iya ƙugu.

Da muka zo biyan kuɗin haya, Alhaji ya nemi ragi, wai ai bai hau ba.