Masu Yi Wa Mai Hoto Kyauta

Ina da aboki mai ɗaukar hoto, amma ba na situdiyo ba. Shi ne za ka gani durƙushe a ƙura a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko laɓe a Yankari yana dakon giwa. Da ya yi aure na zauna na kalli masu kawo masa kyauta, na raba su gida-gida.

Akwai Mai Farar Shadda. Yadi biyar ya kawo, fari fat. Bai taɓa tambayar kansa yadda farin kaya ke komawa ba idan dawakan hakimai suka yi sukuwa a gaban mutum.

Sai Malam Na-Sani. Ya sayo gilashin kyamarar Canon mai tsada, alhali abokina da Nikon yake aiki. Da aka ce bakin ba zai shiga ba, sai ya ce, "Haba, ai kyamara kyamara ce, a ɗan matsa mana!"

Ga Mai Ƙugiya. Ya miƙa katin ajiyar hotuna da hannun dama, kafin a gama godiya ya ce, "Af, ranar Asabar fa bikin ƙanwarmu, kai muka sa a lissafi." Katin kuwa hotunan bikin ne suka cika shi.

Mai Turare ma bai bari an bar shi a baya ba. Irin turaren da ke riga mai shi shiga ɗaki ya kawo wa mutumin da sana'arsa ɓuya ce. Giwa ba ta gani sosai, amma hancinta ba ya kuskure.

Ita kuwa Gwaggo, ƙullin kilishi da dambun nama ta haɗa masa, da addu'a. Addu'ar ta bi shi har Yankari. Kilishin kuma gwaggon biri ne ya fizge shi a bakin ruwan Wikki, ya hau bishiya yana ci yana kallonsa. Abokina ya ce wannan ne hoto mafi kyau da ya ɗauka a tafiyar.

Na ƙarshe shi ne yaron da ke riƙe masa jaka. Ya zo yana jin kunya da 'yar baƙar leda: ƙyalle mai laushi na goge gilashi, ɗan famfon roba na hure ƙura, da malafa. Shi ya ga yadda hazon hunturu ke shiga ko'ina a jikin kyamara, ya ga ƙeyar maigidansa tana gasuwa a rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Shaddar tana nan a akwati, gilashin yana kan kanta. Malafar ce har ta fara yagewa don amfani. Kafin ka kashe kuɗinka, ɗan'uwa, ka raka mai hoto fita ko sau ɗaya, kuma kai za ka riƙe jakar.