Jarabar Kallon Keke a Cikin Taɓo

Kowa da irin jarabarsa. Wani goro ne, wani shayi, wani kuma ba ya iya barci sai ya ji yadda aka kwashe tsakanin Arsenal da Chelsea. Tawa ta fi waɗannan duka cin kuɗi da ban kunya. Da kuɗin gumina nake sayen tikitin jirgi, in tafi ƙasar Turawa a tsakiyar hunturu, in tsaya a fili ƙafafuna cikin caɓi, don kawai in kalli samari suna tseren keke. Keken ma ba kullum su ke hawansa ba, wani lokaci shi ke hawansu.

Sunan wasan siklokuros, kuma na san yawancin masu karanta wannan ba su taɓa jin sa ba, Allah ya rufa musu asiri. Ana shata hanya ce mai tsawon kilomita 2.5 zuwa 3.5, a bi da ita ta cikin ciyawa da yashi da taɓo, a hau tudu a gangara, a gitta katako a tsakiyar hanya, wani wurin har da matakala. Manyan maza suna zagaya ta na kimanin awa ɗaya. Inda keke ya ƙi tafiya, mai shi ya diro, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ruga da ƙafa. Ana yin sa ne daga kaka zuwa watan Fabrairu, wato daidai lokacin da duk mai hankali a Turai yake cikin ɗaki kusa da na'urar ɗumama gida. Cibiyarsa yankin Flanders na ƙasar Beljiyam da kudancin Holan.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni can ba, neman abinci ne. Sana'ata sayen tsofaffin motoci, kuma duk wanda ya yi wannan harka ya san titin Heyvaert a birnin Brussels, inda gareji ke manne da gareji, a yi ciniki, a tura mota tashar jiragen ruwa ta Antwerp, ta sauka a Kwatano. Wata Lahadi ina kwance a masauki, sanyi ya hana ni leƙa ko ƙofa, na kunna talabijin. Ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu. Sai ga wani yaro ya shigo kwana, tayar gaba ta zame, ya faɗi rigijib, ya tashi fuskarsa baƙi ƙirin da taɓo, ya finciki keken ya ci gaba. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce lallai Bature ya ƙoshi. Ban canja tashar ba dai har aka tashi. Sati na zagayowa ni ne na tambayi mai masaukin ƙarfe nawa za a fara.

Abin da ya sa wannan magana ta fi yi mini nauyi shi ne, a majalisarmu ni ne sarkin yi wa 'yan ƙwallo wa'azi. Na sha tsayar da samari a ƙofar gidan kallo in ce musu, ku da ba ku taɓa taka Landan ba, me ya haɗa ku da baƙin cikin mutanen Landan? Laifi tudu ne. Su dai naira kaɗan suke biya su zauna a benci, a tashi su koma gida su ci tuwo. Ni sai na nemi biza.

Neman bizar kansa jarrabawa ce. Kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000, ga takardar banki, ga shaidar masauki. Akwai gurbin da ake cike dalilin tafiya. Da ina zaɓar kasuwanci da zuciya ɗaya. Yanzu ina zaɓar sa ne ina kauda kai, domin na san jadawalin da na duba kafin in tsayar da ranar tashi ba na jiragen ruwan Antwerp ba ne. Gasar fitar da zakaran duniya tana faɗowa ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, kuma abin mamaki, a daidai wannan lokacin ne kullum nake jin labarin wasu motoci masu araha da ba za su jira ba.

Hajiya ta daɗe da gano ni. Ranar da ta buɗe akwatina ta ga dogon takalmin roba, irin na masu aikin kwata, ta ɗaga shi sama da yatsu biyu ta ce, "Alhaji, su motocin a fadama ake sayar da su yanzu?" Na ce ai garejin nasu akwai danshi. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. A gaishe da danshi."

Kowane mai jaraba yana da gwaninsa, nawa Wout van Aert ne, ɗan Beljiyam. A shekarun da ciwon ya kama ni shi ke cin duniya: 2016, 2017, 2018, sau uku a jere yana sanya farar rigar nan mai zanen bakan gizo da zakaran duniya ke yawo da ita shekara guda. Abokin hamayyarsa tun suna yara shi ne Mathieu van der Poel na Holan, wanda ya gaji abin ta ko'ina: mahaifinsa Adrie ya ci wannan kambu a 1996, kakansa na wajen uwa kuma shi ne Raymond Poulidor, shahararren ɗan tseren Faransa. Tun da na fara kashe kuɗi ina bin gwanina, bai sake cin kambun ba. Abokina da muke harkar mota tare ya ce in taimaki yaron nan in zauna a gida.

Ranar Lahadi 5 ga Fabrairun 2023 ina wurin gasar duniya a Hoogerheide, wani ƙaramin gari a kudancin Holan, dab da iyakar Beljiyam. Garin su Adrie ne, har tseren da ake yi a can duk shekara sunansa yake ɗauke da shi, ka ga ke nan gidan abokin gaba na je. Na sa rigar sanyi a kan rigar sanyi, safa a kan safa, na naɗe kai da rawani har ido kawai ake gani. Tun da hantsi na kama wuri a jikin shinge kusa da wata kwana, na ƙi motsawa ko da fitsari ya matse ni, domin in ka ɗaga ƙafa wurin ya tafi. Cinkoson sai ka ce Kantin Kwari ana jajiberin sallah. 'Yan Holan sun sha ruwan lemo daga hula har takalmi, 'yan Flanders suna kaɗa tutarsu rawaya mai baƙin zaki, ga tantuna ana ta kiɗa, ga warin giya da na soyayyen dankali sun haɗu sun cika iska. Ni kuwa filas ɗin shayina na rungume, mai citta da kanumfari. Wani dattijo da ke gefena, kumatunsa jawur, ya miƙo mini kofin giya, na girgiza kai, na miƙa masa murfin filas. Ya kurɓa, ya yi tari, idonsa ya kawo ruwa, ya ɗaga mini babban yatsa. Daga nan muka zama 'yan uwa, duk da shi Van der Poel yake yi.

Ga abin da kuɗina ya saya mini. Za ka fara jin ihu daga nesa yana matsowa, mutane suna dukan allunan talla da tafin hannu. Sai ga su. Biyu ne a gaba, gwanina da Van der Poel, sun bar sauran tun farkon tsere, taya na bin taya. Na ji ƙarar sarƙa, na ji numfashinsu, na ga yawu a gefen bakin gwanina, ƙasar da tayarsa ta watso ta sauka a hannun rigata. Kafin in gama buɗe baki in kira sunansa sun ɓace. Sai jira kuma, minti shida ko bakwai, kana kallon waɗanda aka bari a baya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kafin na gaban su sake zagayowa. In aka tara duk abin da idona ya gani na mutanen biyu a ranar, da ƙyar ya cika minti guda. Taɓon ma da na zo dominsa bai samu sosai ba, hanyar ta yi ƙarfi, gudu aka yi ta zubawa.

Tseren ya ƙare ne da rige-rige a kan kwalta, a 'yan mitocin ƙarshe, kuma masana suna lissafa shi cikin mafi daɗin da aka taɓa yi. Ban gani ba. Akwai ƙaton allo da aka kafa don irinmu, amma Allah ya yi 'yan Holan da tsawo, ni kuma ba a nan aka yi mini baiwa ba. Ƙeyar wani na kalla. Ihun da masu ruwan lemo suka kurma shi ya gaya mini Van der Poel ya ci. Dattijon nan ya rungume ni yana tsalle, ni ina ta maza. Sai da na koma masauki, na haɗa azahar da la'asar da suka kusa kuɓuce mini, sannan na kalli ƙarshen tseren a waya, daidai yadda yaron shagona ya kalle shi a Kano in da ya damu, ba tare da ya biya ko sisi ba.

Mai hankali daga nan zai tuba. Ni a 2025 ina Liévin, tsohon garin haƙar kwal a arewacin Faransa. A can na sami taɓon da nake nema, har ya nemi ya cire mini takalmi. Van Aert ya taso daga layin baya, ya yi ta ratsa mutane har ya zo na biyu, amma Van der Poel ya riga ya yi nisa. Wannan ne kambunsa na 7, ya kamo tarihin Eric De Vlaeminck na Beljiyam, wanda ya ci nasa tsakanin 1966 da 1973. Kun ji ni ko? Na san wannan. Na san an fara gasar a 1950 a birnin Paris, Jean Robic ya ci. Na san Marianne Vos ta ci ta mata sau 8. Na san faɗin taya ba ya wuce milimita 33 a doka. Na san a 2012 a Koksijde, cikin tudun yashi, 'yan Beljiyam ne suka kwashe na ɗaya har zuwa na bakwai. Amma ranar da aka ce in faɗi ajin da autana yake a makaranta, sai da na leƙa fuskar uwarsa.

In za a bar ni in kare kaina kaɗan, akwai wurin da nake tsayawa in ji ba a banza na zo ba, wato wurin canjin keke. Kowane ɗan tsere yana da keke fiye da ɗaya. Idan taɓo ya cushe wanda yake kai, sai ya shigo a guje, ya diro, ya saki wannan, ya cafki wancan daga hannun makanike, ya haye, duk ba tare da ya tsaya ba. Nan take wani ya ruga da mai dattin wurin injin feshin ruwa, a wanke shi tas, a duba birki, a shafa mai, kafin mai shi ya sake zagayowa. A cikin wannan sanyi, hannu a jiƙe. Ni da na yi rayuwata cikin makanikai, na san abin da ake nufi da a ce mota ta kwana uku a gareji saboda kusoshi biyu. Talabijin ba ta cika nuna waɗannan mutane ba, kuma a ganina rabin nasarar tasu ce.

Ba kuma zan ce wasan na waliyyai ba ne. A gasar 2016 a Zolder an kama keken wata matashiya da ƙaramin inji ɓoye a cikinsa, aka dakatar da ita shekara 6. 'Yan kallo ma in giya ta yi musu yawa sukan yi wa wanda ba nasu ba ihu, har su watsa masa abin da ke kofinsu. Wannan ɗabi'a ba ta burge ni, kuma nakan matsa gefe in na ga an fara layi.

Wahalar da ta fi ta sanyi ita ce dawowa gida. Ka zo da labari cike da baki, babu mai saye. Na taɓa gwadawa a majalisa, na nuna musu bidiyon da na ɗauka da hannuna mai karkarwa. Aka karɓi wayar ana zagayawa da ita. Malam Liman ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhaji, wannan da ya ɗauki keken a kafaɗa, lalacewa ya yi?" Na ce a'a, dabara ce. Ya ce, "To me ya hana shi bin kwalta?" Wani daga gefe ya ce ai ko a ƙauyensu in damina ta yi haka ake yi, kuma ba a taɓa ba kowa riga ba. Yaran da nake yi wa wa'azin ƙwallo kuwa yanzu in sun hango ni sai su ce, "Baba, ya mutumin naka? An sake yin na biyu?"

Na yi lissafin abin da wannan abu ya ci mini sau ɗaya, a bayan wata takardar kwastan. Da na ga jimillar ta doshi kuɗin mota mai lafiya, sai na yaga takardar, don kada ta faɗa hannun da bai dace ba. Na yi alkawarin dainawa a gaban Hajiya, na yi a gaban abokin kasuwancina, kuma duk lokacin da nake yi da gaske nake. Sai kaka ta shigo, a fara tsere a Beljiyam, in ce bari in duba sakamako kawai.

Saboda haka ga roƙona. Samarin gidan kallo, na janye maganata, ku yi ta kallonku, kun fi ni tattali. Wanda kuma ya gamu da ni a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin watan Janairu da akwati mai nauyi, ya yi mini addu'ar Allah ya yaye, kada ya tambaye ni motoci nawa zan sayo.