Kuregen da Ya Zama Zaki

Tun muna yara a Ikara muke jin labarin "wuƙar Hitila" da kakanmu, tsohon soja, ya bari a ƙasan adaka. Ba wanda ya damu da ita, sai ranar da ɗan yayana ya nuna mini a waya cewa masu tara kayan tarihi a Amurka suna zuba daloli a kan wuƙaƙen Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu. Daren nan ban runtsa ba.

Kwana uku na yi ina karatu kamar mai shirin jarrabawa. Na gano yawancinsu a Solingen aka ƙera su, kuma kowane kamfani da tambarinsa a gindin ruwan wuƙa, dab da ƙota. Alcoso sikeli ne, Böker bishiya, Robert Klaas wasu tsuntsaye biyu masu kama da gauraka, WKC kan jarumi da kwalkwali. Carl Eickhorn kuwa kurege ne. Wuƙaƙen 'yan jam'iyyar Nazi suna da hatimin RZM, ofishin da ke ba maƙera lasisi a Munich a wancan zamanin, sai lamba ta biyo baya: M7 na nufin wuƙa, 66 kuma Eickhorn. A wasu na sojan sama har da 'yar mikiya da lamba, shaidar mai dubawa ya duba ya amince.

Na zare tamu daga kube, tsatsa ta cinye ta. Masana sun ce kada a kuskura a goge, gogewa na karya daraja, amma wannan gargaɗin sai da na gama dirza ta da toka da lemon tsami na karanta shi. Can sai ga wata dabba tsaye da ƙafafun baya, jela a sama, ga kuma wani abu kamar 6. Na ƙwalla kabbara. Uwargida ta sheƙo a guje, ta ɗauka kunama ce. Nan take na yi mata alkawarin firji, na kuma ranci dubu ashirin wajen maƙwabci don zirga-zirga.

A Makarfi, wani dillalin tsofaffin kaya a bayan 'yan rake ya juya ta, ya shinshina, ya taya dubu ɗaya da ɗari biyar, wai saboda kuben. Na ce masa bai san Solingen ba. Ya ce gaskiya bai san shi ba, ɗan wace unguwa ne? Shi ya tura ni Kudan wajen wani dattijon maƙeri.

Na tarar da shi gaban zuga-zugi. Na yi masa lacca tun daga Eickhorn har RZM, bai tanka ba. Ya tofa yawu a tambarin, ya murza da babban yatsa.

"Ɗana, kakan naka wane yaƙi ya je?"

"Bama, Baba."

"To, a Bama da Japan aka gwabza. Ina ya ga Bajamushe?"

Sai a lokacin kaina ya waye. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma Bama aka kai su, waɗanda suka je Habasha a 1941 kuma da Italiya suka kara. Amma ban saduda ba, na nuna masa kurege.

"Wannan zakin Fijo ne," in ji shi. "Sifirin ɗin a-kori-kura ne, shi muke sara mu yi wuƙa. Ƙarfe ne mai kyau, yana riƙe kaifi. Ƙotar nan ma irin ɗaurin gidanmu ce."

Ya wasa mini ita, ya karɓi ɗari biyar. Yanzu da ita yara ke feren rake, kuma maƙwabcina har yau in mun haɗu a masallaci sai ya tambaye ni ko dalolin sun iso.