Daga Kano Zuwa Jidda, Nisan Nawa Ne?

Masu awo sun ce tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Tafiyar kamar awa 5. Allah Ya saka musu da alheri, sun yi ƙoƙari. Sai dai da alama ba su taɓa raka maniyyaci ba.

Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan. Wasu sun shekara a hanya, wasu ma suka yi aure a can suka zauna. Amma su sau ɗaya suka yi sallama da gida.

Maniyyacin yau kuwa ya nemi yafiyar dangi, an yi koke-koke, an kai shi sansanin alhazai. Bayan Isha'i sai ga shi da jaka, wai jirgi sai gobe. Gobe a sake yafe juna. Jibi hawaye sun ƙare, dambun naman guzuri ma yara sun ga bayansa. Maƙwabci har ya rasa gaisuwar da zai yi, "Allah Ya kiyaye hanya" ko "sannu da zuwa".

Don Allah masu awo, ku sake ɗauko igiyarku. Wannan karon ku fara daga ƙofar gida.