Aiken Alhaji

Akwai wani attajirin manomi a yankin Jabo, ba sai an kama suna ba. Katangar gidansa ta fi ta kowa tsawo, ga fasassun kwalabe a samanta, ko almajiri ba ya wuce zaure. Amma da damina ta kankama sai ya aika kemis a sayo tramol, a raba wa 'yan ƙodago tare da furar safe, don su gama noman gero kafin azahar. In an yi masa magana sai ya ce ai biyan su yake yi.

Wanda ake aika sayayyar kuwa babban ɗansa ne.

Ran nan aka kwaso yaron daga gona yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, daga bisani aka nufi asibiti a Tambuwal. Da ya farfaɗo, wani dattijon ma'aikacin jinya ya ja uban gefe.

Ya ce, "Alhaji, Allah ya yi wa kowane ɗan Adam shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Bangon ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta a manne yake gam. Sukari da iskar numfashi su wuce, yawancin ƙwayoyin cuta da dafi a tsare su. Tun 1885 wani Bajamushe, Paul Ehrlich, ya zuba wa dabbobi rini a jini, sassan jiki suka rine, ƙwaƙwalwa ta fito fes. Sanƙarau kan keta wannan shinge, mun ga ɓarnarsa a 2017, shi ya sa ake rigakafi. Su tramol da kodin da sholisho kuwa sulalewa suke yi su shige, kuma tramol in ya yi yawa, irin wannan jijjigar yake kawowa."

Alhaji ya fusata ya ce, "To wane mugu ne ya koya masa?"

Dattijo ya ce, "Allah masani, Alhaji. Sai dai a tambayi mai aikensa."

An ce tun daga ranar ɗan makwabci ake aikawa.

Jama'a, damina na tafe. Mai gona ya ba ɗan ƙodago abinci da haƙƙinsa kawai, domin shi ma wata ce ta haife shi. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.